Faɗakarwa ga Muridai a kan Ruɗin Zato

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ku sani ya 'yan'uwana cikin ɗariƙa, lalle nafsu tana da wata dabara wadda ta fi waswasi ɓoyuwa. Tana yanke hukunci tun da fari, sa'an nan ta aiki hankali ya nemo mata hujja, shi kuwa ba ya kawo mata sai wadda take so. Sai mutum ya ce, "Na duba na gani," alhali abin da ya so shi ya gani.

Ni kaina na auka cikin wannan. Akwai wani ɗan'uwa a zawiyarmu, mun saɓa da shi a kan bashi kaɗan. Tun daga ranar na riƙa ganinsa mai sakaci ga wazifa. In ya makara, idona na kansa. In ya sammako, kamar ba ya nan. Har na kai ƙararsa wurin muƙaddaminmu, ina zaton kishin addini ne ya kai ni. Ya ce mini, "Malam, nemi ƙorai 2. Ran da ya zo kan lokaci, jefa ƙwallon dabino cikin ɗaya. Ran da ya makara, cikin ɗayar. Bayan kwana 40 ka komo." Na aikata. Ta fari 34, ta biyu 6. Da na kai masa, ya dubi ƙoran, ya ce, "Naka fa, ka ƙidaya?" Ban ƙidaya ba, kuma na san sun wuce 6.

Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira, ya ambaci wani reshe na wannan ciwo: a gaya wa mutum magana ingantacciya ya karɓa, da an ce masa ta abokin hamayyar mazhabarsa ce sai ya ƙi ta, alhali ba harafi ɗaya da ya sake. Ya kai Baƙadire, ya kai Batijjane, gwada kanka da wannan. In ka ji nasiha, auna ta kafin ka tambayi zawiyar da ta fito.

Mafi hatsari ga muridi kuwa shi ne mafarki. Yana riƙe guda da ya tabbata, yana ba da labarinsa shekara da shekaru, ya manta tulin waɗanda ba su tabbata ba, har ya soma raya wa kansa kashafi. Daga nan ujubu ke shiga, kuma na ga wanda ya bar neman ilmi saboda haka. Ka kai wa shehinka dukansu, ko ka yi shiru da dukansu.

Harisu Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza shekara ta 243, ya sami wannan laƙabi ne don yawan yi wa kansa hisabi. To, in kun zauna muhasaba bayan Isha, kada ku tsaya ga abin da gaɓoɓi suka aikata. Ku kawo hukuncin da kuka yanke wa wani yau, ku tambayi zuciya: da masoyina ne ya yi haka, me zan ce?

Shi ɗan'uwan nan kuwa, na tafi gidansa na roƙi gafara. Ashe bai ma san na kai ƙararsa ba.

Tammat bi hamdillahi. Allah ya gafarta wa marubuci da mai karatu da iyayenmu, amin.