Amanar Ilmi: Daga Wa Ka Ji?

Tambayar da za mu duba a wannan mako ita ce: shin ya halatta ɗalibi ya kafa hujja da littafin da bai taɓa buɗewa ba? Sau da yawa ɗalibin jami'a ya kan ga sunan littafi a ƙasan shafin wani marubuci, sai ya kwafe shi har da lambar shafi, ya sa a kundinsa. In an yi magana ya ce, ai zancen gaskiya ne, ina laifin?

Laifin shi ne ya ba da shaida bisa abin da idonsa bai gani ba. Malaman hadisi suna kiran makamancin wannan tadlisi, watau mutum ya ruwaito daga wani malami abin da bai ji daga bakinsa ba, da lafazin da zai sa a zaci ya ji. Sun ƙi shi ko da maganar ta inganta, domin ya toshe wa mai bincike hanyar gano kuskure.

Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya yi shekara 16 yana tace Sahihinsa. Ma'aunin malaman hadisi shi ne: wa ya faɗa, amintacce ne, yana da kiyayewa, kuma ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi? Ibnu Haldun kuwa, cikin Muƙaddima ta shekarar 1377, ya auna labarin kansa da hankali. Ya ƙi yarda da Mas'udi cewa mayaƙan Bani Isra'ila sun kai 600,000 a zamanin Annabi Musa, domin kakannin da ke tsakaninsa da Annabi Yaƙuba kaɗan ne ƙwarai. A ƙasarmu ma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusuhi musamman don ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu gare su.

To, ɗan'uwa ɗalibi, ka bi magana har tushenta. In tarihi ka ke nema, ga Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke garin. In a intanet ka samu, ka nemi sunan marubuci, da shekara, da waɗanda suka tace aikin kafin a buga. Na'urorin da ke rubuta wa mutane amsa kuwa su kan ƙaga sunan littafin da babu shi sam.

Wani zai ce littattafai sun yi tsada, laburare kuma ya yi nisa. Gaskiya ne. Amma rashin hali bai hana faɗin gaskiya ba. Sai ka rubuta cewa maganar wane ce, ka same ta ta hannun wane. Wannan ba ya rage maka daraja, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma sa mu riƙe amanarsa, amin.