Wanda Ya Fasa Shi Zai Biya, Ko da a Ɗakin Aure Ne

Jama'ar Ikara da Makarfi da Kudan, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, malamanmu, magidanta da matan aure, akwai wata ɓarna da ta zauna a gidajenmu har muka daina ganinta a matsayin laifi. Miji da mata sun saɓa, murya ta tashi, kafin maƙwabta su shigo rabon faɗa hannu ya riga ya kai ga kaya. Wanda ya leƙa bayan ƙura ta lafa zai tarar da madubin sif a tarwatse, kwalla da samira sun lotse, kan keken ɗinki a kife a tsakar gida, yara sun raɓe a bayan ƙyaure suna kallo. A wani gidan kuma maigidan ne zai tarar an tsoma wayarsa a randa, ko an cinna wa manyan rigunansa ashana don an ji zai ƙara aure. Da daddare dattawa su zauna, a ce sharrin Shaiɗan ne, a ce a yi haƙuri, kowa ya kama gabansa. Ba mai tambayar nawa ne kuɗin abin da aka fasa, balle wa zai biya. Ni dai abin da nake so mu yarda da shi shi ne, igiyar aure ba ta halatta wa kowa lalata dukiyar abokin zamansa ba, kuma sulhun da ya tsallake maganar biya bai cika ba.

A shari'ar Musulunci aure ba ya haɗe aljihun miji da na mata. Sadaki nata ne, kuma Suratun Nisa'i ta hana miji ya karɓe komai daga cikinsa ko da ya ba da tulin dukiya, sannan ta tabbatar wa mata rabonsu daga abin da suka nema kamar yadda ta tabbatar wa maza. Kayan ɗaki kuwa mun san ta inda suke fitowa. Uba a Hunkuyi ko Gazara ya sayar da gonar rake tun tana tsaye, wani a Paki ya haɗa kuɗin tumatirin rani, uwa ta kwashe shekaru tana zubin adashi tana tara kwanuka a ƙarƙashin gado, duk don a jera wa yarinya ɗakin da ba za ta ji kunya ba. Malaman Malikiyya sun yarda miji ya amfana da kayan jere, ya kwanta a kan katifar, ya zaunar da baƙonsa a kan kujerar, amma amfani daban, mallaka daban. Har iyakar da mazhabar ta sanya, cewa matar aure ba za ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta ba sai da yardar mijinta, an sa ta ne don a tsare dukiyar, ba a miƙa wa miji ita ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garuruwan nan, ta kawo ƙa'idar a taƙaice: abin da ake aunawa da mudu ko ma'auni, wanda ya lalata shi zai biya irinsa, sauran kaya kuma zai biya kimarsu. Wato wanda ya watsa buhun masarar matarsa a kwata ana binsa buhun masara, wanda ya farfasa injin markaɗenta ana binsa kuɗin injin. Ƙa'idar ba ta keɓe miji ba, ba ta keɓe mata ba.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne fushi. Za a ce ba a hayyacinsa yake ba, ko a ce kishi ne ya rufe mata ido. Ba na musun cewa fushi yana rufe ido, amma malaman fiƙihu sun daɗe da yanke cewa a kan dukiyar mutane ganganci da kuskure ɗaya ne wajen biya. Yaro ƙarami ma idan ya fasa kayan wani, daga dukiyarsa ake biya, alhali ba a rubuta masa zunubi. In wanda bai balaga ba bai kuɓuta ba, yaya magidanci mai iyali zai kuɓuta don ransa ya ɓaci? Irin wannan ya taɓa faruwa a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas. Yana ɗakin ɗaya daga cikin iyalansa sai wata ta aiko da abinci a akushi. Mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aiken, akushin ya faɗi ya fashe. Manzon Allah ya tattara gutsattsarin akushin da abincin da ya zube, ya bayyana wa mutanen da ke wurin cewa kishi ne, sannan ya tsayar da ɗan aiken har aka ɗauko lafiyayyen akushi daga ɗakin wadda ta fasa aka mayar wa wadda ta aiko. Bai tozarta ta ba, bai yi mata faɗa a gaban baƙi ba, ya ma nema mata uzuri, amma akushin sai da aka biya. Mu a yau mun riƙe rabin farko na wannan darasi mun saki na biyu.

Wani zai ce duk wannan a kan kayanta ne ko kayansa, to abin da aka haɗa kuɗi aka saya fa? Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa yanzu, domin gidaje da dama a yankin nan da gumin mutum biyu suke tafiya. Mace ta sayar da awakinta biyu, miji ya cika, aka sayi injin ban ruwa don noman rani. Ko ta kawo kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ya kawo na mazarƙwaila, aka sayi firji ko babur. Ranar faɗa sai ya ɗaga taɓarya yana cewa ai da kuɗinsa a ciki. Gaskiya ne da kuɗinsa a ciki, amma rabonsa ba a ware yake ba. Ba zai iya nuna ɓangaren firjin da yake nasa ya fasa shi kaɗai ba, duk inda taɓaryar ta sauka ta sauka a kan rabon matar. Saboda haka zai biya ta kasonta, kamar yadda zai biya abokin kasuwancinsa da suka haɗa jari a Tashar Yari. Dokar boko ma haka ta gani. Kundin Final Kod na Arewa, wanda aka zartar a 1959, ya samo tushe daga dokar Sudan, ita kuma daga dokar Indiya ta 1860, kuma a dokar Indiyar aka buga misali da mutum biyu da suka yi tarayya a doki, ɗaya ya harbe dokin don ya jawo wa ɗayan asara, aka ce ya aikata laifin ɓarnata dukiya. Ko da kayan nasa ne shi kaɗai, hadisin Mugira ɗan Shu'uba ya lissafa tozarta dukiya cikin abubuwan da Allah Ya ƙi mana. Tukunyar da ya fasa kuma, ko shi ya saye ta, gobe da safe ciyarwa tana nan a wuyansa.

Tunanin cewa tsakanin miji da mata babu laifin dukiya baƙo ne a wurinmu. Daga tsohuwar dokar Ingila ya fito, inda ake ɗaukar miji da mata mutum ɗaya, har sai a 1882 aka ba matar aure cikakken ikon riƙe dukiyarta a can. Burbushinsa ya rage a sashe na 36 na tsohon kundin laifuffuka na Kudancin Nijeriya, wanda ya ɗauke wa ma'auratan auren coci alhakin laifi a kan dukiyar juna muddin suna zaune tare, sai a wasu halaye kaɗan. Wannan kundin ba shi ke aiki a Jihar Kaduna ba. Jihar ta sabunta nata Final Kod a 2017. Kafin nan, a 2015, Gwamnatin Tarayya ta yi dokar hana cin zarafin jama'a, wadda sashenta na 11 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya lalata dukiyar wani don ya ƙuntata masa, kuma Kaduna ta yi irin tata dokar a 2018. Kotunan shari'a da na gargajiya da aka kafa a 2001, zamanin gwamna Ahmed Muhammad Makarfi, ɗan wannan yanki, suna sauraron ƙarar biyan ɓarna. 'Yan'uwanmu Kirista da ke zaune a ƙauyukan Ikara da Makarfi su ma dokar jiha ta haɗa da su, ba wanda aka bari a waje.

Na san abin da dattawa ke tsoro, kuma tsoron yana da tushe. Aure sirri ne, kai miji ƙara sau da yawa shi ne ƙarshen zaman, kuma ana bin juna bashin da ba ya lissafuwa a tsakanin mutum biyu da suka haifi 'ya'ya tare. Ba ina kiran mata da maza su cika kotun Ikara da ƙorafin faranti ba ne. Alƙur'ani da kansa ya fara da a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Abin da nake roƙo shi ne masu sulhun su yi aikin har ƙarshe. A kira wanda ya san farashi, a ƙiyasta abin da aka lalata, a faɗi adadin a gaban waliyyai, a sa lokacin biya, ko bayan an sare rake ne. Idan mai haƙƙin ya ga dama ya yafe bayan an tabbatar masa da haƙƙinsa, wannan alheri ne mai lada. Amma yafiyar da aka tatsa daga yarinya 'yar shekara goma sha takwas, kawunnanta sun kewaye ta suna cewa kada ta ba su kunya, ba da daɗin rai aka bayar da ita ba, kuma dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Sannan mu lura, mai fasa kaya a gaban matarsa saƙo yake isarwa, yana nuna mata abin da hannunsa zai iya. Idan ya ga ba a caje shi ko kwabo ba, ya koyi cewa abin kyauta ne, kuma hannun da ya saba da madubi yakan wuce zuwa fuska. Malikiyya sun ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa idan ta tabbata, don haka mai ganin shirun dattawa yana kare aurensa, shirun ne ke tura shi inda yake gudu. Wadda ta kunna wa kayan miji ko ɗakin kishiya wuta kuma ta sani, a lokacin hunturu, a unguwar da rumbuna da dangar kara suke manne da juna, ba ita za ta zaɓi inda wutar za ta tsaya ba.

Sauran magana ita ce hujja, domin a nan haƙƙin mata ya fi salwanta. Idan ma'aurata suka yi jayayya a kan kayan gida babu shaida, hukuncin da ke cikin Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu ke dubawa, shi ne abin da aka san na mata ne a ba matar da rantsuwa, abin da aka san na maza ne a ba mijin da rantsuwa, abin da ya dace da su duka biyun kuma mijin ne ke rantsewa ya ɗauka. Firji da talabijin da injin ban ruwa da tumaki suna iya faɗawa kashi na uku. Saboda haka iyayen amarya su rubuta kayan da suka jera tun ranar jere, waliyyin ango ya sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Matar da ta saka kuɗinta a sayen wani abu ta sa a rubuta sunanta a rasit, ko ta shaida wa mutum biyu adalai nawa ta bayar. Limaman Juma'a su faɗi wannan hukunci a kan mumbari, malaman Islamiyyar matan aure su karantar da shi, masu unguwanni kuma su ajiye littafin da za a riƙa rubuta abin da aka lalata, da kimarsa, da ranar da aka yi alkawarin biya.