Tafakkuri A Kan Hannun Giwa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci babba da ƙarami, Ya ba kowace halitta kayan aikin da ya dace da ita. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, na tsara waɗannan baitoci ne a kan hannun giwa, na biyo su da sharhi, saboda wata mas'ala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Shin mai ƙarfi yana da uzuri idan ya ji wa rarrauna ciwo, ya ce ba nufinsa ba ne, hannunsa ne da nauyi? Ni kaina na taɓa faɗin wannan magana, kuma zan kawo labarin a wurinsa.

Ka dubi hancin da Allah Ya bai wa giwa,
Ya mai da shi hannu, ka ga babbar baiwa.

Da shi take tumɓuke ƙaya har saiwa,
Da shi take tsince 'ya'yan aduwa.

Ba ƙashi a cikinsa balle karyewa,
Ga taushi, ga shi ba ya gazawa.

Kai mai ƙarfi, bar yi wa yaro tsawa,
Ƙarfin da ba awo bai kai ƙwarewa.

Fasali na farko, a kan sunansa

Ka sani, ya ɗan'uwa, Bahaushe hannun giwa yake ce da wannan gaɓa, domin ya dubi aikinta. Masana halittar dabbobi kuwa sun dubi asalinta, suka ce hanci ne da leɓen sama suka haɗu suka yi tsawo, ƙofofin hanci biyu suna bi ta cikinsa tun daga kai har bakinsa. Duka biyu gaskiya ne. Larabawa suna kiransa hurɗumu, kuma ana cewa daga nan birnin Hartum ya sami suna, saboda siririyar ƙasar da ke tsakanin kogunan Nilu biyu ta yi kama da shi. Iyayenmu da suka tafi Makka a ƙafa sun bi ta nan.

Wannan kalma ta zo a Suratul Ƙalam, inda aka yi wa wani mai dukiya da 'ya'ya, mai girman kai, alkawarin lalas a kan hanci. Aka zaɓi hanci domin shi ne mazaunin alfahari a wurin Larabawa. Mu ma haka ne, in mutum ya sami abin duniya ya daina gaisuwa, sai mu ce yana hura hanci. To, ga dabbar da ta fi kowace dabbar tudu girma, ta fi kowa tsawon hanci, amma nata ƙasa yake kallo, yini guda yana cikin turɓaya yana aiki. Mazaunin girman kai aka mayar mata kayan hidima.

Fasali na biyu, abin da na gani a Waza

Shekarun baya, tun hanya tana lafiya, na bi wasu 'yan'uwa daga Marwa zuwa dajin Waza a arewacin Kamaru. Rani ne, ruwa ya janye sai 'yan tafkuna. Muka tsaya nesa da wani tafki bayan la'asar, sai ga garke ya fito daga cikin ƙaya, babbar uwa tana gaba. Kafin ta matso, sai ta ɗaga hannu sama tana juya bakinsa gabas da yamma, tana shaƙar iska. Da ta natsu, sauran suka biyo.

Na ga yadda suke sha. Mutane da yawa suna zaton ta hanci ruwan ke wucewa ciki, amma ba haka ba ne. Zuƙa take yi ta cika shi, sa'an nan ta lanƙwaso ta tsiyaya a baki. Da suka ƙoshi suka watsa wa jikinsu ruwa, suka ɗebi taɓo da ƙura suka yafa a baya, maganin rana da ƙudaje. Na ga biyu sun haɗu, kowace ta sa bakin hannunta a bakin 'yar'uwarta, wannan ita ce gaisuwarsu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani toron giwa da ke gefe. Ya naɗe wani reshe mai kaurin cinyar mutum, ya fizgo shi, ƙarar karyewarsa ta iso har inda muke. Bai yi taku goma ba ya tsaya ƙarƙashin aduwa, ya sauke wannan hannu ɗin dai, yana lalube a ƙasa, yana tsintar 'ya'yanta ɗaya ɗaya kamar tsohuwa tana tsince tsakuwa a shinkafa. Can kuma wani ɗan jariri ya zame a taɓo, uwarsa ta zura hannu ƙarƙashin cikinsa ta tallabo shi, ko kuka bai yi ba.

Fasali na uku, yadda aka gina shi

Babu ƙashi ko ɗaya a cikin hannun giwa, tsoka ce zalla, irin ginin harshen mutum. A 2023 wasu masana a Balin ta ƙasar Jamus suka bincika hannun wani ɗan giwar Asiya, suka ƙiyasta ƙananan damman zaren tsoka kusan 90,000 a cikinsa, mafi ƙanƙantarsu suna can bakinsa inda ake aikin tsinta. Giwarmu ta Afirka tana da 'yan tsirori biyu a bakin kamar yatsu, ta Asiya tana da ɗaya.

A 2021 kuma aka auna wata giwa a gidan dabbobi na Atlanta a Amurka. Aka ga tana buɗa ƙofofin hancin har su ɗauki ruwa fiye da lita 5, ta zuƙe fiye da lita 3 cikin sakan ɗaya da rabi. Sa'an nan aka ajiye mata wani ɗan toyayyen abin masara, siriri, wanda yatsa biyu ke ruguzawa. Ta zuƙo shi da iska ta ɗaga, bai karye ba.

Duk da wannan aiki, bai bar zama hanci ba. A 2014 masana a Tokiyo suka sami ƙwayoyin gado na sansanar wari kusan 2,000 a giwar Afirka, alhali na mutum kusan 400 ne. A Amboseli ta ƙasar Kenya, a 2007, aka nuna giwaye suna rarrabe warin tufafin Masai, waɗanda samarinsu kan soke su da mashi, da na Kamba manoma. Ka lura da tsarin nan, ya ɗan'uwa, gaɓar da ke kamawa ita ce ke sansanawa. Giwa ba ta damƙar abu sai ta san mene ne.

Fasali na huɗu, laifina

Ina saurayi, Malam ya ba ni kula da ƙananan almajirai a makarantarmu. A cikinsu akwai wani yaro da bai wuce shekara takwas ba, mahaifinsa ya kawo shi daga ƙauye ya damƙa mana amana. Wata safiya ya yi ta ɓata hadda, ni kuwa na kwana da ɓacin ran wani abu dabam. Na sauke masa bulala a hannu. Yatsunsa suka kumbura, ya yi kwanaki bai iya riƙe alƙalami ba, tuwo ma da hagu yake ci.

Malam ya kira ni zaure. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ban yi nufin haka ba, hannuna ne da nauyi." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a miƙo allon da na rubuta wa yara da asuba. Ya duba ya ce, "Ɗana, wa ya sa waɗannan ɗigo da wasulla?" Na ce ni ne. Ya ce, "Da wane hannu?" Ban amsa ba. Ya ce, "Hannun da ya san awon ɗigo bai jahilci awon yaro ba. Je ka nemi nauyin a wani wuri."

Na tashi ina ganin Malam ya tsananta. Sai ranar da na ga toron nan ƙarƙashin aduwa maganar ta zauna mini. Da a ce yawan ƙarfi yana hana sassauci, da giwa ba ta ɗaga ɗanta ba sai ta karya shi. Ga shi kuwa wadda ta fi kowa ƙarfi tana cikin waɗanda suka fi kowa iya lallaɓawa, kuma tsokar da ke fizgo reshe ita ce ke tsayawa daidai kan ƙwayar aduwa. Riƙe hannu aiki ne na ƙarfi, kamar yadda mai saukar da tulu cike daga ka ya fi mai jefar da shi aiki. Nauyin da Malam ya ce in nema, a zuciya na same shi, fushi ne da na kwana da shi.

Fasali na biyar, tambayoyi biyu

Wani zai ce, "Malam, ka yabi giwa domin ba ta taɓa shiga gonarka ba." Wannan magana tana da hujja. Giwayen Waza sukan gangara kudu da damina har wajen Kayele, su shiga gonakin dawa, abincin shekara ya tafi a dare ɗaya, wani lokaci har da rai. Sawun giwa ya taka na raƙumi, balle na talaka. Babbar giwa tana cin abin da ya kai kilo 150 a yini, kuma hanyoyinta na da sun zama gonaki. Ban ce giwa waliyyiya ce ba. Dabba ce, babu hisabi a kanta. Amma ka duba, ko a ɓarnar tata hujjata tana nan. In ta tumɓuke dawa, yunwa ce. In ta ɗaga mutum ta maka da ƙasa, tsoro ne ko fushi. Ba a taɓa cewa ta yi ɓarna don hannunta ya kasa awo ba. Dalilin yana bayan hannu, kuma mu da aka ba hankali, a kan wannan dalili za a tambaye mu.

Wani kuma zai ce, "Ashe babu kuskure na gaskiya?" Akwai. Ɗan giwa yana shekara biyu ba wata biyu a ciki, ya faɗo da nauyin kusan kilo 100, amma bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Yana kaɗa shi, yana taka shi, yana tsotsonsa kamar yadda jariri ke tsotson yatsa. Nono da baki yake sha, ruwa ma sai ya durƙusa ya kafa baki, har watanni su shuɗe kafin ya iya. Wannan yana da uzuri, amma ba wanda ya ba shi tallabar wani. Saboda haka mai cewa hannunsa ne da nauyi, ɗayan biyu ne. Ko ya iya awo ya ƙi, wannan zalunci ne. Ko bai iya ba tukuna, to sai ya ajiye bulala ya koma koyo, kada ya yi gwaji a jikin ɗan mutane. Ta kowace fuska uzurin bai tsaya ba.

Wannan hukunci bai tsaya kan malamin allo ba. Ya hau kan maigida da iyalinsa, da mai unguwa da talakawansa, da mai bin bashi da wanda ake bi. Ya hau kan harshe ma, tun da shi da hannun giwa gini ɗaya ne. Mai cewa "ni haka bakina yake, ba na ɓoye gaskiya," ka saurare shi ranar da yake gaban mai mulki, za ka ji ashe ya iya tausasa magana. Rarrauna ne kawai ba ya samun wannan awo.

Kammalawa

Mafarauta sukan kafa tarkon waya domin namun daji, wani lokaci ya kama hannun giwa ya datse shi. Irin wannan giwa, in ta rayu, sai ta riƙa durƙusawa kafin ta ci ko ta sha. Duk girman nan a kan tsoka marar ƙashi yake rataye, zaren waya ya isa ya durƙusar da shi. Masu tarihi kuma sun ba mu labarin Shekarar Giwa, wajen 570 Miladiyya, da Abrahata ya taso daga Yaman zai rushe Ka'aba, giwarsa ta gurfana ta ƙi gaba, shi mai hankalin ya ƙi tsayawa.

Ni dai na je na nemi gafarar yaron nan a gaban 'yan'uwansa, da mahaifinsa ya zo na faɗa masa abin da ya faru da bakina. Ya ce ya yafe, amma ya daɗe yana duban yatsun ɗansa kafin ya faɗa, kuma wannan kallo bai bar ni ba har yau. Ban ce na gama koyo ba. Abin da na riƙe shi ne, in zan miƙa hannu ko harshe ga wanda na fi ƙarfi, in fara tsayawa in san halin da yake ciki, da halin da nake ciki, kamar yadda uwar garken nan ta tsaya ta shaƙi iska kafin ta matso ruwa.

Allah Ya ba mu ƙarfi da awonsa, Ya tsare raunana daga hannunmu da harshenmu, Ya gafarta mana abin da ya wuce. Wanda ya ga kuskure a wannan sharhi ya gyara, ya sa ni a addu'a. Tammat bi hamdillahi.