Ina Amfanin Addu'armu Idan Aka Kashe Ɗan'uwan?

Ran wata Lahadi, bayan an tashi daga sujada a Sabon Tasha, wata dattijuwa ta tsai da ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, shekara nawa ke nan muna durƙuso domin 'yan'uwa da ke cikin tsanani? Ga shi kuwa ba a daina kashe su ba. Ina amfanin addu'ar nan?" Ban tsawata mata ba, gama tambayar tana cikin zuciyar mutane da yawa, sai dai ba kowa ke da ƙarfin halin faɗinta ba. Bari mu dube ta tare, ya masu karatu.

Mu mazauna kudancin kogin Kaduna ba labari aka ba mu ba. Da yawa daga cikinmu ba a Narayi ko Unguwar Romi aka haife mu ba. Tarzomar Fabrairu da Mayu 2000, da ta Nuwamba 2002, su suka sa muka ɗaure kaya muka haye gada, Musulmi kuma da yawa na wannan gefe suka koma wancan. Ran 8 ga Janairu 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar koyon aikin firist ta Good Shepherd a Kakau, kan hanyar Abuja, suka kwashe samari 4. Ekklesiyoyi suka yi ta roƙo. Uku suka komo. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18, gawarsa aka samu. Cikin watan nan kuma Boko Haram suka kashe Fasto Lawan Andimi na EYN, shugaban CAN na Michika. To, addu'ar ta yi aiki a kan uku, ta kāsa a kan ɗaya ke nan?

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Sarki Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, sa'an nan ya kama Bitrus. Ekklesiya ta dage da addu'a, Allah kuwa ya fid da Bitrus daga kurkuku da dare. Ekklesiya ɗaya ce, Allah ɗaya ne, amma manzo ɗaya ya mutu, ɗaya ya fita. Ba a ce mana Yakubu ya gaza ga bangaskiya ba. Ba kuma ƙarfin bangaskiyar masu roƙo ya buɗe ƙofar ba, gama sa'ad da yarinyar nan Roda ta ce Bitrus yana waje, cewa suka yi ta haukace. Ashe addu'a ba laya ba ce da za a rataya a wuya harsashi ya kauce. Roƙo ne na ɗa ga Ubansa, Uban kuwa shi ke da hukunci. Wanda ya ce wa gwauruwa da ta ƙara azumi da mijinta ya komo, ya ɗora mata kayan da Allah bai ɗora mata ba.

Me za mu roƙa ke nan? Abu biyu. Mu roƙa a sake su, mu roƙa da dukan zuciya, kada mu ji kunya. Mu kuma roƙa kada bangaskiyarsu ta faɗi. Ran 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makaranta a Dapchi. Cikin Maris aka komo da sauran waɗanda suka rayu, aka riƙe Leah Sharibu domin ta ƙi musun Almasihu. Wa ya ba yarinya ƙarama wannan ƙarfi a tsakiyar bindigogi? Kada mu ce Allah ya yi shiru domin kawai bai amsa ta ƙofar da muke tsaro ba.

Abu na biyu, addu'a tana ɗaure mai yinta. Wanda ke ambaton sunan mutum a gaban Allah kowace safiya ba zai iya ganin marayansa da yunwa ya wuce ba. Abin da ya taɓa hanci, idanu kan yi ruwa. Sa'ad da masu bi na Antakiya suka ji yunwa za ta sami ƙasar Yahudiya, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika ta hannun Barnaba da Shawulu. Ran 5 ga Yuli 2021 aka sace yara 121 daga makarantar Bethel Baptist a Damishi, kusa da Maraban Rido. An sako su kashi kashi, na ƙarshe bai komo ba sai Nuwamba 2023. Mu tambayi kanmu: a wata na farko mun cika ɗakunan sujada da kuka, amma a wata na ashirin mu nawa muka tuna? Haka kuma waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Kajuru da Chikun suka raɓe a gidajen dangi cikin unguwanninmu. Sun bar gona da rumbu. Idan mun ce musu Allah ya kiyaye, alhali buhun masara yana jingine a ɗakinmu, bakinmu ya yi addu'a, hannunmu ya ƙaryata ta.

Abu na uku shi ne mafi wuya. Addu'a tana tsare mu daga zama irin waɗanda ke tsananta mana. Ran Lahadi 17 ga Yuni 2012 aka ta da bam a majami'u a Zariya da Kaduna. A ranar nan kuma samari suka tare hanyar Abuja a Gonin Gora, suka kashe matafiya waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wannan a gefenmu na kogi ya faru, bai kamata mu ɓoye shi ba. Jinin marar laifi jini ne a gaban Allah, ko wane suna mai shi yake amsawa. Mu tuna kuma masu bam ɗin nan ba su bar Musulmi ba: ran 28 ga Nuwamba 2014 sun kashe mutum fiye da 100 a babban masallacin Kano. A Yuni 2018 kuwa, a ƙasar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da 200 cikin masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su.

Wani zai ce, "Sai mu naɗe hannu ke nan?" A'a. Bulus da kansa ya nemi hakkinsa na ɗan ƙasar Roma, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Daidai ne mu faɗi gaskiya a gaban mahukunta, mu nemi a tsare ƙauyuka, a kama mai laifi a hukunta shi bisa shari'a. Amma neman adalci dabam, ramuwa a kan wanda ya zo wucewa dabam. Istifanas ya yi roƙo domin masu jifansa, a cikinsu kuwa akwai saurayi mai tsaron tufafi, sunansa Shawulu. Da masu bi sun yi masa kwanto a hanyar Dimashƙu, wa zai rubuta mana wasiƙun da muke karantawa? A garin nan namu Fasto James Wuye ya rasa hannunsa cikin faɗan 1992, amma daga 1995 ya haɗa kai da Liman Muhammad Ashafa, wanda dā abokin gabansa ne, suka shiga aikin sulhunta mutane.

Ga amsata ga uwarmu ta Sabon Tasha, da ku duka. Ba a yi mana alkawari kowane ɗaurarre zai komo gida ba. Amma ba roƙon da ya faɗi ƙasa banza. Ran taron addu'a mai zuwa, kowa ya zo da sunan mutum ɗaya wanda zai riƙe a gaban Ubangiji har shekara ta kewayo. Ya zo kuma da mudun hatsi, dattawa da Zumuntar Mata su kai wa gwauraye da marayu. Kafin a tashi, a yi roƙo domin waɗanda ke riƙe da bindiga a daji, ko Allah zai fid da wani Bulus daga cikinsu. Ubangiji ya ba mu ikon yin haka.