Ƙwayar Jini, Lauje, da Nauyin da Ke Kan Iyalin Kirista

Karatu: Zabura 139:13-16, Littafin Firistoci 17:11, Yohanna 9:1-7, 1 Korantiyawa 12:12-27

Gabatarwa

A gidajen masu bi da yawa akwai daren da ba a barci. Sau da yawa cikin sanyin hunturu ne, ko kuwa ranar da ruwan sama ya ba yaro kashi a hanyarsa ta dawowa daga makaranta. Yaron yakan soma kuka da ciwon ƙashi, idanunsa su yi ɗorawa-ɗorawa, in kuwa jariri ne hannuwa da ƙafafu su kumbura. Uwa ta goya, ta sauke, ta shafa mai, ta durƙusa ta yi addu'a. Kafin gari ya waye magana ta fara yawo cikin dangi. Wani ya ce maita ce, wani ya ce jifa aka yi, wata kuma ta ce daga gidan su matar aka kwaso. Ta haka ciwon da ya kama yaro ɗaya yakan raba gida biyu.

Asalin wannan ciwo yana cikin wani abu ƙarami ƙwarai wanda ido ba ya iya gani, wato ƙwayar halitta, wadda masana ke kira sel. Iyalin da ya fahimci yadda Allah ya gina ta zai daina zargin marasa laifi, zai kuma san abin da ya wajaba a kansa.

Tubalin da aka gina jiki da shi

Dawuda ya yi shaida cikin Zabura 139 cewa Allah ne ya harhaɗa shi tun yana cikin mahaifiyarsa, aikin kuwa abin banmamaki ne. Dawuda ya faɗi haka ta wurin bangaskiya. An ɗauki dubban shekaru kafin idon mutum ya ga zaren wannan saƙa.

A shekara ta 1665 wani masani a Landan mai suna Robert Hooke ya yanko ɓawon itacen da ake toshe bakin kwalba da shi, ya duba shi ta madubin ƙara girma. Sai ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, ya ba su suna da ke nufin ƙananan ɗakuna. A 1674 wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ke gyara madubansa da hannunsa, ya bayyana siffar jajayen ƙwayoyin da ke cikin jinin mutum. A 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka nuna cewa tsire-tsire da dabbobi duka da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su. A 1855 kuma likita Rudolf Virchow ya ƙarfafa cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take fitowa.

Kowane ɗan adam daga ƙwaya ɗaya tak ya fara, wadda ta samu sa'ad da irin uba ya haɗu da ƙwan uwa. Ita ce ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, har jikin baligi ya kai kimanin ƙwayoyi tiriliyan 30, iri-iri wajen 200: na ƙashi, na tsoka, na jijiya, na fata, na jini.

Gida mai tsari

Ƙwayar halitta tana kama da gida mai cikakken tsari. Tana da tantani da ya kewaye ta kamar katanga mai zaure. Ta wannan zaure abinci da ruwa da iska ke shiga, datti kuma ya fita, ba kuwa kowane baƙo ake bari ya wuce ba. A ciki akwai ruwa mai kauri wanda shi ne tsakar gida, inda ake ta hidima dare da rana. Akwai murhu, waɗanda ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona sukarin da aka samu daga tuwo da doya tare da iskar oksijin domin jiki ya sami ƙarfi. Akwai maƙera, wato ribosom, inda ake ƙera furotin, kayan gini da kayan aiki na jiki.

A tsakiya kuma akwai cibiya, kamar turakar maigida inda ake ajiye takardun gado. A nan ake adana zaren da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za a ƙera kowane furotin. Da za a warware zaren da ke cikin ƙwaya ɗaya a miƙe shi, zai kai kusan mita 2, amma an nannaɗe shi cikin dami 46. Dami 23 daga uba suke, 23 daga uwa. Wannan lissafi yana da muhimmanci, gama yana nuna cewa gadon jikin yaro rabi da rabi ne. Babu ɗan da ya gaji uwarsa kaɗai.

Baiwar da ke ɗaukar iska

Littafin Firistoci 17:11 ya koyar cewa ran mai rai cikin jininsa yake. Wanda ya dubi jar ƙwayar jini zai ga gaskiyar wannan magana a fili. Ƙwayar ƙarama ce, har sama da 100 za su jeru cikin tsawon milimita ɗaya, ɗigon jini kuwa yana ɗauke da miliyoyinsu. A cikin ɓargon ƙashi ake yin su, kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Kowace ɗaya takan yi hidima wajen kwana 120, sa'an nan saifa da hanta su janye ta, a adana ƙarfen da ke cikinta domin yin sababbi.

Aikinta shi ne ta ɗauki oksijin daga huhu ta kai wa kowace gaɓa. Domin wannan aiki, kafin ta bar ɓargo takan zubar da cibiyarta, ta cika kanta da jan sinadarin da ake kira himogulobin, mai riƙe iska. Ba ta haihuwa, ba ta ajiye wa kanta kome, ko oksijin ɗin da take ɗauka ba ta amfani da shi. Mai bi da ya karanta Filibiyawa 2:5-8 zai tuna da Ubangijin da ya wofinta kansa ya ɗauki matsayin bawa. Siffarta kamar waina ce mai lotsawa a tsakiya, mai laushi, tana iya lanƙwasa ta ratsa hanyoyin jini da suka fi ta ƙunci.

Yadda lauje ya shigo

A 1910 wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, ya rubuta labarin wani ɗalibi daga tsibirin Girinada wanda ƙwayoyin jininsa suka tanƙware kamar lauje. Daga nan sunan sikila ya samo asali, ciwon da aka daɗe ana kira amosanin jini. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin ɗin kansa. A 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya gano wurin sosai. Cikin jerin duwatsu 146 na wata tsakiya da ke cikin wannan sinadari, dutse ɗaya ne kawai, na shida, ya sauya.

Saboda wannan sauyi, idan oksijin ya ragu, himogulobin yakan manne ya zama kamar sanduna, ƙwayar ta sandare ta tanƙware. Sai ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini ta tare su, gaɓar da ke gaba ta rasa iska, ciwo mai tsanani ya tashi. Ga shi kuma irin wannan ƙwaya ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, ɓargo ya kasa cike gurbi, jini ya yi ƙaranci. Sanyi, da ƙishirwa, da zazzaɓi, da gajiya mai yawa su ne ke tayar da ciwon.

Wanda ya gaji himogulobin mai lafiya daga iyaye biyu ana kiransa AA. Wanda ya gaji ɗaya mai lafiya, ɗaya na sikila, shi ne AS, yawanci kuwa lafiyarsa ƙalau. Wanda ya gaji na sikila daga uba da uwa duka shi ne SS, shi ke fama da ciwon. Akwai kuma wani nau'i mai suna C, wanda idan ya haɗu da S yakan jawo ciwo. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zama SS, 2 cikin 4 na zama AS, 1 cikin 4 na zama AA. Lissafin yakan sake sabo a kowane ciki, saboda haka wasu sukan haifi huɗu babu mai ciwon, wasu kuwa su haifi uku a jere masu shi.

A Nijeriya kimanin mutum 1 cikin 4 AS ne, an kuma kiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu ciwon a kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Wannan yawa yana da dalili. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa yaran da ke AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Abin da ya kiyaye kakanni daga sauro shi ne ya yaɗu cikin zuriyarsu. Babu la'ana a cikin wannan labari.

Wane ne ya yi zunubi?

Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, tambayar da suka yi wa Yesu ita ce wadda dangi ke yi har wa yau: laifin wane ne, nasa ko na iyayensa? Yesu ya kawar da zargin daga kansu duka, ya ce za a bayyana aikin Allah cikin mutumin, sa'an nan ya miƙa hannu ya taimake shi. Almajirai suna neman mai laifi, Ubangiji kuwa yana duban mai bukata.

Maigidan da ke zargin matarsa saboda ɗa mai sikila ya sani cewa rabin gadon daga jininsa ya fito. Dangin da ke nuna wata tsohuwa da yatsa suna ce mata mayya suna shaidar zur a kan maƙwabciya, abin da doka ta tara ta hana. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda aka kunna masa fitila ba shi da sauran hujja.

Abin da ya wajaba

Na farko, gwajin jini tun da wuri. Ya kamata iyaye su san nau'in jinin kowane yaro tun yana jariri, samari da 'yan mata kuma su san nasu kafin zance ya yi nisa. Gwajin da aka yi bayan an kai kaya, an sa rana, yakan zo a makare, a nan ne jarabar sayen takardar ƙarya take shigowa. Gidan da aka kafa bisa ƙarya, 'ya'ya ne za su biya bashinsa da hawaye. A lura kuma cewa wannan gwaji dabam yake da na rukunin jini, wato A, B, AB da O. Yana da kyau a maimaita shi a wani amintaccen asibiti.

Na biyu, gaskiya cikin ƙauna. Idan saurayi da budurwa duka AS ne, fasto da dattawa da ma'aikacin lafiya su zauna da su, su bayyana musu lissafin ba ɓoye-ɓoye, a ba su lokacin addu'a da tunani. Janyewa tana da zafi, ikkilisiya kuwa kada ta bar wanda ya janye ya yi kuka shi kaɗai. Waɗanda suka riga suka yi aure, alkawarinsu yana nan daram bisa ga Matiyu 19:6. Abin da suke bukata taimako ne da shawarar likita.

Na uku, kula da mai ciwon. Ya sha ruwa da yawa, ya sa tufafi masu ɗumi lokacin sanyi, ya kwana cikin gidan sauro, ya sami dukan allurar rigakafi da maganin ƙara jini na folik asid. Zazzaɓi ya kama shi, a garzaya asibiti ba jira. Akwai magani mai suna haidiroksiyuriya wanda ke rage yawan tashin ciwon, amma sai da umarnin likita. Addu'a da asibiti ba abokan gāba ba ne, gama Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita cikin Kolosiyawa 4:14. Kada kowa ya sa iyaye su zubar da maganin yaro da sunan bangaskiya.

Na huɗu, ɗaukar nauyin juna. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa gaɓoɓin da ake gani kamar marasa ƙarfi su ne jiki ba ya iya rabuwa da su, in kuwa gaɓa ɗaya tana shan wahala, dukan jiki yana sha tare da ita. Zumuntar Mata za ta iya karɓar uwar da ta kwana uku a gefen gadon asibiti. Matasa masu lafiya za su iya ba da jini kyauta. Dattawa za su iya ware wani abu daga baiko domin magani. Ranar 19 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 2008 domin wayar da kai kan sikila, dama ce ta gayyato ma'aikatan lafiya su yi gwaji a harabar majami'a. Masu SS da yawa sun yi karatu, sun yi aiki, sun yi aure. Idan mai SS ya auri AA, 'ya'yansu AS za su zama, ba za su yi ciwon ba. Kada a kira irin wannan yaro baƙo mai komawa, kada kuma a hana shi makaranta.

Kammalawa

Allah wanda ya tsara katangar ƙwaya da murhunta da turakarta ya san kowace ƙwaya da ta tanƙware cikin jinin yaron da ke kuka da dare. Halitta duka tana nishi tana jiran fansa, kamar yadda Romawa 8 ta bayyana, Ru'ya ta Yohanna 21:4 kuma ta yi alkawarin ranar da azaba za ta ƙare. Kafin wannan rana, an ba iyalin Kirista ilimi da ƙauna domin su yi aiki da su. Yaro mai sikila cikin siffar Allah aka yi shi, jinin Yesu Almasihu da aka zubar a kan gicciye kuwa dominsa ne, daidai da kowa.

Ubangiji ya ta'azantar da iyayen da suka yi rashi, ya ƙarfafa masu jinya, ya ba matasa zuciyar faɗar gaskiya, ya kuma mai da ikkilisiyarsa mafaka ga raunana. Amin.