Kallon Taurari: Tafakkuri Ne Ko Duba?

A ƙasashe da yawa akwai ƙungiyoyin mutane waɗanda sha'awarsu ita ce kallon taurari. Ba don albashi suke yi ba. A cikinsu akwai malamin makaranta, da akawu, da ɗan kasuwa. Idan dare ya yi sai su fita bayan gari, inda hasken lantarki bai kai ba, su kafa madubin hangen nesa, su yi ta nazarin sama suna rubuta abin da suka gani. A Ingila an kafa irin wannan ƙungiya tun 1890, a Jodan kuwa a 1987. To, shin ya dace Musulmi ya ɗauki wannan sha'awa? Waɗansu suna cewa ƙofar duba ce, waɗansu kuma suna ganin ɓata dare ne kawai.

Malamai magabata sun kasa ilmin taurari kashi biyu. Na farko shi ne sanin tafiyarsu, watau mafitarsu da mafaɗarsu, don gane alƙibla da lokatan salla da shigowar damina. Wannan halal ne, Alƙur'ani ma ya ambaci shiryuwa da taurari a tudu da teku cikin ni'imomin Allah, a aya ta 97 ta Suratul An'am. Na biyu shi ne da'awar cewa tauraro yana da tasiri a kan arziki, ko aure, ko ajali. Wannan shi ne tanjimi, haramun ne, domin kutsawa ne cikin gaibu. Manomin da ke lura da Kaza da 'Ya'yanta don ya san lokacin shuka, da malamin duba mai karɓar kuɗi ya faɗi ranar sa'a, sama ɗaya suke kallo, amma abin da kowanne yake nema a cikinta daban ne.

Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya shata wannan iyaka. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira, aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Duk da baƙin cikin da yake ciki, bai bar maganar ta wuce ba. Ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba ruwan husufinsu da mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarce su da salla. Rashin riƙo da wannan darasi yana jawo ɓarna. A watan Janairu na 2001, da aka yi husufin wata, waɗansu matasa a Maiduguri suka auka wa otel-otel da ƙone-ƙone, wai zunubin da ake yi a ciki ne ya jawo. Alhali kuwa inuwar duniya ce ta faɗa kan wata, kuma masu lissafi sun san daren tun da shekaru.

Masu cewa ɓata lokaci ne kuwa, sai su dubi tarihi. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya yi shekaru yana lura da sama a birnin Raƙƙa, har ya auna tsawon shekarar rana, kuskurensa bai kai minti 3 ba. Abdurrahman as-Sufi ya wallafa littafinsa na siffofin taurari a 964, tun ba a ƙago madubi ba. Har yau Turawa suna kiran taurari da yawa da sunayen Larabci, kamar Dabaran da Rijl, sai dai harshe ya ɗan karkata su.

Akwai kuma amfanin da ya shafi ibada kai tsaye. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, kuma shari'a ta rataya azumi da salla a kan ganinsa. Amma mutumin da ya yi wata 11 bai ɗaga kai sama ba, yaya zai bambanta siririn jinjirin wata da gefen gajimare ko hasken Zara? Daga nan ake samun shaidar kuskure, gari ya rabu biyu. Saboda haka ne a 1998 aka kafa wani shiri a Jodan wanda ya haɗa masu neman jinjirin wata daga ƙasashe dabam-dabam, suna fita kowane wata suna kai rahoto. Gogaggen ido irin wannan taimako ne ga kwamitin ganin wata na Sarkin Musulmi, ko da yake sanarwa ta hukuma ce.

Sai dai lalle a kiyaye sharuɗɗa. Kada kwanan kallo ya sa a makara sallar Asuba, kada a sayi madubi da kuɗin cefanen iyali, kada kuma mai ɗan sani ya ɗauki kansa alƙali a kan shari'a. Wanda ya kiyaye waɗannan, ya dubi Gamzaki da asuba ya tuna da Wanda Ya tsara masa lokacin fitowa, to, yana cikin tafakkurin da aka yabi ma'abota hankali da shi. Allah Ya ƙara wa al'umma ilmi mai amfani, amin.