Muryar Wa Muke Ba Ɓarawo?

Wasan kwaikwayon rediyo ba shi da fuska, murya ce kawai. Marigayi Usman Baba Pategi ya ba mu dariya da Hausar barikin Samanja a Rediyon Kaduna, amma gidansu ya yi wa ba'a, domin shi ma soja ne.

Mu fa yau? Da zarar wasa ya bukaci ɓarawo, sai mu ɗora masa gwarancin baƙo. A Lagdo, inda Bahaushe, Bafulatani da Musgum ke cin arzikin tafki ɗaya, yaron da ya saurara zai ji irin muryar a kasuwar kifi, ya dafe aljihunsa.

Mai sauraro ne ya zana fuskar, amma mu muka miƙa masa alƙalami. Alhakin yana wuyanmu.